Lungun Kafaɗar Hagu

Fasinjoji suna cewa ina da fitinar madubi. Gaskiya ne. Ko mutum yana sauri kamar zai tashi sama, ba na sa giya sai na taɓa madubin ciki, na leƙa na dama, na leƙa na hagu, sannan na juya wuyana na dubi bayan kafaɗata. Wani ya taɓa ce mini, "Malam direba, wai kai amarya ce?" Na ce masa ya sauka ya nemi motar ango. Ban yi masa bayani ba. Yanzu zan yi, a rubuce, da ɗan karatun da na samu kafin a cire ni daga aji huɗu. Wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa.

Wanda ya koya mini tuƙi wani tsohon soja ne mai jan babbar motar auduga daga ƙauyuka zuwa injin gurza a nan Gombe. Kunnensa ɗaya ba ya ji, saboda haka duk maganarsa da ihu yake yinta. Kafin ya bar ni na taɓa sitiyari, sai da ya zaunar da ni a kujerar direba, mota a tsaye, shi kuma ya sauka yana zagaya ta da jar hularsa.

"Kana ganina?"

"Ina ganinka, Baba."

Ya ƙara taku biyu. "Yanzu fa?"

"Ba na ganinka."

"To ina nan, ɗan banza! Ban mutu ba, ƙasa ba ta haɗiye ni ba. Nan ne lungun kafaɗa. Duk wanda za ka kashe, a nan yake tsaye yana jiranka."

Ya sa na riƙa tura madubin waje har jikin motar ya kusa ɓacewa daga ciki. Ya ce me zan kalla a jikin motata, ai na san tana nan. Hanya ake kallo. Da na tura, sai jar hular ta sake bayyana. Ya ƙara matsawa, ta sake ɓacewa. Ya ce wannan ɗan wurin da ya rage babu madubin da zai nuna mini shi, sai wuya. "Allah bai ba ka wuya don rataya laya kawai ba. Juya shi."

Da wannan karatun na yi shekaru a kan hanya ban taɓa taka ko kaza ba. A Tudun Wada, inda nake haya, in direbobi suka zauna wajen mai shayi ana gardamar wa ya fi wa hannu, ba a gamawa sai an ambace ni. Ba ni da gona, ba ni da takardar makaranta, ubana bai bar mini komai ba sai buta da buzu. Lasin ɗina da wannan sunan su ne dukiyata. Su ne kuma suka kai ni gidan wani Alhaji a Shamaki, babban ma'aikaci, ɗan asalin gari, mai gonaki da shanu, wanda yake neman direban da zai amince wa da iyalinsa.

Motarsa baƙa ce, mai sitiyari a dama, irin na wancan lokacin. Madubinta biyu ne kacal: na ciki, da ɗaya a ƙofar direba.

Ranar da zan fara ɗaukar Hajiya, matarsa, Alhaji ya fito da kansa. Ya sunkuyo ta taga, ya sa yatsa biyu ya tura madubin ciki sama har ya koma kallon rufin mota.

"In iyali suna ciki, haka zai zauna," in ji shi. "Kuma wuyanka ba shi da aiki a baya."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Kada wani ya ɗauka na ji haushi. Ban ji ba. Ni ma da matata ce a mota da wani ƙato a gaba, abin da zan yi ke nan. Kuma a lokacin dokar ba ta rage ni da komai ba. Hannun hagu muke bi. Duk wanda zai wuce ni ta damata yake zuwa, inda madubina yake, inda kafaɗata take, inda zan leƙa ta taga ba tare da fuskata ta doshi kujerar baya ba. Hajiya tana zama a baya ta hagu, goggonta, wata tsohuwa da ke raka ta ko'ina, tana zama a bayana. Shekara huɗu Hajiya ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In tana son a tsaya, sai ta faɗa wa goggo a hankali da Fulatanci, goggo ta ce, "Direba, tsaya." Muryar Hajiya na sani kamar yadda mutum yake sanin muryar maƙwabciya ta bayan katanga. Fuskarta kuwa da mun haɗu a kasuwa ba zan gane ta ba.

Sai aka canza hannu. Gwamnati ta ce daga rana kaza kowa ya koma dama. Rediyo ta dame mu da sanarwa, aka kafa alluna, 'yan sanda suka cika mararraba suna ɗaga wa mutane hannu. Kowa tsoronsa kada ya manta ya yi gaba da gaba da wata mota. Ni ban manta ba ko sau ɗaya. Abin da ya dame ni daban ne, kuma tun makon farko na gane shi. Yanzu ina zaune a gefen kwata, duk mai wuce ni ta hagu yake zuwa. A hagu ba ni da madubi. Na ciki yana kallon rufi. In kuma na juya wuya ta hagu, Hajiya zan kalla ido cikin ido. Lungun kafaɗa ya tashi daga inda yake ya koma ya zauna daidai tagarta. Ko hannu na miƙa waje don nuna zan fita, ta dama yake fita, sai awaki da masu tallan gyaɗa ne suke ganinsa.

Na je wurin makanike, ya ce aikin minti goma ne: huda biyu, noti biyu, madubi ya zauna a ƙofar hagu. Na samu Alhaji yana shan iska a ƙofar gida bayan la'asar, na durƙusa na yi masa bayani. Har da zane na yi masa a ƙasa da tsinke.

Ya dubi zanen, ya yi dariya. "Ashe injiniya na ɗauka ban sani ba."

"Ranka ya daɗe, madubi ɗaya ne kawai."

"Ka huda mini mota? Sabuwa tana cikin jirgi a kan ruwa, mai sitiyari a hagu. Wannan sayar da ita zan yi. Wa zai sayi mota da huji a ƙofa?"

"To ko na ciki ne a riƙa saukar da shi kaɗan."

Dariyar ta ɗauke. "Ba kai ne aka ce mini ba ka taɓa taka kaza ba? To ci gaba da abin da kake yi."

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa. Kowane babba a garin yana da wata sabuwar mota a kan ruwa. Ƙananan ma'aikata suna sayen babur, masu sana'a suna sayen keke, hanyar da a da sai jakuna da motar auduga ta cika da mutanen da jiya suka koyi hawa. Motar Alhaji ta yi wata da watanni a kan ruwan nan.

Na koma tuƙi da kunne. In Hajiya tana ciki, sai na sauke gilashin gaba na hagu, na kasa kunne, na danna ham, na fita a hankali kamar mai satar hanya. Wata rana na gaji, na faki ido na ɗan sauke madubin ciki, kaɗan, yadda zan ga saman gilashin baya. Abin da na fara gani bakin mayafi ne, sai idon goggo. Ta yi gyaran murya. Washegari da safe Alhaji yana shiga mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na ji madubin nan ya fara saukowa da kansa. A ɗaure notinsa." Ban sake ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, gari garau, babu hadari, babu komai. Bikin suna za mu je a Tudun Wada. A kan hanya goggo ta ce na tsaya a sayi goro. Na tsaya a gefen dama, mai goro ya miƙo ta taga, aka gama. Na kunna sigina, na kasa kunne. Injin markaɗe yana ta ƙara a wani shago kusa da mu, ban ji komai ba sai shi. Wuyana ya fara juyawa da kansa, don ya saba. Na tsayar da shi. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: ya fara juyawa, ni na tsayar da shi. Na danna ham, na murza sitiyari hagu.

Goggo ta ce, "Direba..."

Kafin ta ƙarasa na ji ƙarar ƙarfe, na ji motar ta ɗan ɗaga ta sauka.

Tela ne. Na san shi, layinmu ɗaya, shi ya ɗinka mini rigar da ke jikina a ranar. Ya ɗauro kan keken ɗinkinsa a bayan kekensa zai kai gyara, nauyin ya hana shi kaucewa. Goshin motar ya ture shi, tayar gaba ta hau ƙafarsa ta dama daidai idon sawu. Bai yi ihu ba. Yana kwance yana kallona yana cewa, "Kai ne? Kai ne?" kamar wanda aka yi wa albishir ɗin da bai yarda da shi ba.

Jama'a suka taru. Aka sa shi a wata a-kori-kura aka tafi da shi asibiti. Matan wani gida suka fito da zane suka kare Hajiya da goggo suka shige da su ciki. Aka ce kada na motsa motar sai 'yan sanda sun zo sun auna. Aka aika wa Alhaji a ofis, kuma ya riga 'yan sandan isowa.

Bai tambaye ni komai ba. Ya zagaya motar, ya shafa inda fenti ya goge. Sannan ya sunkuya ta tagar direba kamar mai neman wani abu a kan kujera, ya sa yatsun nan biyu ya sauke madubin. Ina tsaye ina kallonsa. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya gyara hannun babbar rigarsa.

Wani sajen 'yan sanda ya zo da igiyar awo da littafi. Ya auna, ya rubuta, ya shiga ya zauna a kujerata ya dubi madubin.

"Ga hanya nan tar har gidan mai," ya ce. "Ko tinkiya ce ta biyo ka za ka gan ta. Kai direba, ba ka duba madubi ba ne?"

Mutum ya fi talatin a wurin. Masu goro, masu faci, direbobi biyu da muke shan shayi tare. In na ce madubin a sama yake, za a ce wa ya ɗaga. In na ce Alhaji, za a ce don me. Daga nan sai na ambaci matarsa a bakin titi, a gaban ɗan sanda, a rubuta ta a littafi, gobe a kira ta kotu ta buɗe baki a gaban maza. Na ci abincin gidan shekara huɗu. Alhaji yana gefe yana jan carbi, bai ko dube ni ba. Ya san ba zan faɗa ba. Wannan sanin nasa shi ne abin da har yau yake ci mini rai, fiye da ɗaga madubin, fiye da sauke shi.

Na ce, "Ban duba ba."

Saje ya rubuta. Ɗaya daga cikin direbobin nan ya ce, "Subhanallahi," ya juya ya tafi.

A kotu ma haka na maimaita. Aka karɓe lasin ɗina na shekara guda, aka yi rubutu a ciki da jan biro. Alhaji ya biya tarar da aka ci ni, ya biya asibiti, ya aika wa iyalin tela buhun gero, gari ya ɗauka Alhaji mutumin kirki ne, direbansa ya yi ɓarna shi ya ɗauki nauyi. Ni kuma ya kira ni zaure ya ce na yi haƙuri, ƙaddara ce, in shekara ta cika na dawo, kujerata tana nan.

Kafin wata biyu sabuwar motar ta iso. Fara, doguwa, sitiyari a hagu, madubi a kowace ƙofa. Na gan ta ta wuce ta bakin kasuwa inda nake dakon buhuna, wani a kujerar. Da shekara ta cika na je. Na zauna a zaure tun safe har azahar. Aka fito mini da tuwo da yadi biyar na shadda, aka ce Alhaji yana gaishe ni, yana da baƙi. Tuwon na ci, don ina jin yunwa. Shaddar na kai wa tela.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Asibiti sun yi nasu, mai ɗori ya yi nasa, ta warke a karkace, ba ta iya taka keken ɗinki. Ya gwada da hagu, ɗinkin yana fita a gurguje, masu kawo aiki suka janye. Ya koma ɗinkin hula da allura a ƙofar gidansa. Da na ajiye masa shaddar ya juya ta, ya ce, "Wannan ta wa ce? Ta mai mota ko ta mai ƙafa?"

Na ce ta fito daga gidan Alhaji.

"To ka mayar wa mai ita. Ko ka kai wa tela." Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya ce, "Ni abin da ban gane ba, maƙwabci, kai da ake cewa kana gani ta ƙeya. Hajiyar da ke baya ma ta gan ni. Tun daga nesa take kallona ta taga, har na sunkuyar da kai don kunya. Ita ta gan ni, kai ba ka gan ni ba?"

Nan na fara sanin wannan. Daga baya goggo ta tabbatar mini, ranar da na haɗu da ita a wajen wata gaisuwar mutuwa. Ta ce Hajiya ta ga mai keken, ta ga na fara murza sitiyari, sai ta taɓa gwiwarta ta raɗa mata. Kafin saƙo ya bi hanyarsa ta kullum ya iso gare ni, taya ta hau. Goggo ta ce Hajiya ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba. Na ce Allah sarki. Me zan ce? Kalma ɗaya ce, "Tsaya." Tazarar da ke tsakanin bakinta da kunnena ba ta kai kamu uku ba. Ita ta kiyaye mutuncinta, ni na kiyaye mata shi, Alhaji ya kiyaye ƙofar motarsa daga huji, tela ya biya da ƙafa.

Ban faɗa wa telan gaskiya ba. Na ce masa rana ce ta kashe mini ido. Ya ce, "Rana a bayanka take." Ya ci gaba da ɗinkin hularsa. Mun ƙara shekaru a layi ɗaya muna gaisawa, bai sake tayar da maganar ba, amma bai taɓa shiga motar da nake ja ba, ko ruwa ake yi.

Lasin ya dawo da jan rubutunsa. Babu babban gidan da ya sake nemana. Duk inda na je sai a buɗe, a ga ja, a ce za a neme ni. A wajen mai shayi in ana gardamar hannu, in na iso sai a koma zancen tsadar taya. Wani sabon direba da ko gemu bai fara ba ya taɓa ce mini, "Baba, a riƙa duba madubi fa." Aka yi dariya. Na ajiye kofin na tashi. Na koma jan tasi ta wasu, daga wannan mai mota zuwa wancan, har yau ita nake ja.

Alhaji ya rasu. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya. Ana ta faɗin alherinsa, har da buhun geron.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, wata rana da yamma, wasu mata biyu suka tsayar da ni a Barunde, za su Shamaki. Babbar ta zauna a baya, ta ce wa ƙaramar wani abu da Fulatanci. Ban san fuskar ba, amma muryar ko a kabari na ji ta zan gane. Motocin gidan sun ƙare ke nan, ko 'ya'ya sun raba, ban sani ba, ban tambaya ba.

Na sa hannu na gyara madubin ciki a hankali, har gilashin baya ya cika shi, da rabin fuskarta a ciki. Tsohuwa ce kawai, mai tabon goshi, da gilashin ido. Ta ɗago ta gan ni. Na san ta gane ni, don ta ja mayafi ta rufe baki. Ban kawar da madubin ba. Na leƙa dama, na leƙa hagu, na kunna sigina, na juya wuyana gaba ɗaya na dubi bayan kafaɗata.

Sai ta yi magana. Da Hausa, da ƙarfi, ba ta bi ta kan kowa ba.

"Malam direba, akwai mai babur."

Na riga na gan shi. Na bar shi ya wuce, na hau titi. Har muka isa Shamaki ban amsa mata ba.